Awa Bakwai a Tsibirin Lankawi

Kudai, Makka
9 ga Disamba, 2016

Zuwa ga 'yata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya da sauran mutanen gidan. Ni ma lafiya lau, sai tarin hayaƙin motoci da ya ƙi barina, da gwiwar dama da ke tuna min shekaruna duk sanda na hau matakalar bas da bokiti. Alhamdu lillahi.

Kin san kunnena ya yi nauyi, waya wahala take ba ni, ke kuma sai Juma'a ake ba ki taki. Shi ya sa na koma ga biro. Mukhtaru, direbanmu mai zuwa Dammam, zai ajiye miki wannan a kantin bakin layinku. Shi ne ya gaya min mutanen gidanku za su tafi Malesiya hutun makaranta, su shiga jirgin ruwa mai yawo da mutane tsibiri-tsibiri, kuma da ke za a tafi.

Nuriyya, kakarki Maryama da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. A duk ƙasar nan ba ni da wanda ya fi ki kusa da ni ta jini. Don haka zan roƙe ki abin da ba zan iya roƙon kowa ba.

Shekara uku ke nan ban ji muryar ɗana Fahad ba. Abin da na sani shi ne ya bar Kano ya tafi Malesiya da sunan karatu, daga nan shiru. To, watan jiya Abdulwasi'u, Balaraben da ke kula da mu masu wanke motoci, ya dawo daga can da amaryarsa. Ya same ni ina goge gilashi ya ce, “Ammi Ya'u, na ga wani saurayi baƙi a wani tsibiri, Lankawi. Yana tuƙa ƙaramin jirgi. Da ya buɗe baki sai na ji kamar a unguwar Utaibiyya ta nan Makka nake tsaye. Makkawi suke ce masa, wato ɗan Makka.” Na tambaye shi ko yana da tabo a girar hagu. Ya ce yana zaton haka, amma ba zai rantse ba.

Tun ranar ban daina juya maganar ba. Don Allah ki duba min ko jirginku zai tsaya a wannan tsibiri. In ba zai tsaya ba, ki manta na tambaya.

Kawunki,
Ya'u

Dammam
23 ga Disamba, 2016

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na karanta ta sau biyu a tsaye cikin kicin. Ina lafiya. Ummu Nayif, tsohuwar da nake kula da ita, tana nan yadda ka sani, ƙafa ta mutu amma baki da ransa. Allah Ya sawwaƙe maka tarin. Ka riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in za ka shiga ƙarƙashin motocin nan.

Ka san ina jin daɗin rubutun nan fiye da yadda kake tsammani? Shekarata shida a gidan nan, in ban da ranar Juma'a da nake magana da 'yata Shifa a Gwarzo, Hausa ba ta fitowa daga bakina. Wani lokaci ina ninke kaya sai na ji ina yi wa zannuwa magana.

Na duba littafin tafiyar da Nayif, babban ɗan gidan, ya ajiye a falo. Zai tsaya, Kawu. Daga Singafo za mu tashi, kwana biyar a ruwa, ranar 30 ga Janairu mu wayi gari a Lankawi. Jirgi zai sauke mutane ƙarfe tara na safe, ƙarfe huɗu kowa ya dawo, biyar a tashi. Awa bakwai ke nan.

Amma kada ka sa rai da yawa. Ni ba matafiya ba ce, kujerar Ummu nake turawa. Inda aka ce a kai ta, nan zan je. Kuma tsibirin ba ƙarami ba ne kamar yadda na ɗauka. A littafin kaɗai na ƙirga bakin teku har guda shida, kowanne da hotonsa, kowanne yashi fari da ruwa shuɗi, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ka koma wajen Abdulwasi'u ka matse shi. Wanne ne? Me ya gani a wurin? Minti nawa suka yi a mota daga masaukinsu?

Sannan ka yi haƙuri da tambayata. A gida kowa da abin da yake faɗa game da rabuwarku. Rabona da Fahad tun yana ɗan shekara goma sha shida, ranar da ka kawo shi tasha ya tarye ni. In Allah Ya sa na tsaya gabansa, gara na san abin da ke tsakaninku.

'Yarka,
Nuriyya

Kudai, Makka
6 ga Janairu, 2017

'Yata Nuriyya,

Sallama da fatan alheri. Tari ya yi sauƙi. Masu Umara sun cika gari, motoci ba sa hutawa, mu ma haka.

Na matse Abdulwasi'u har ya fara guduna. Sunan wurin ya ɓace masa. Abin da ya riƙe shi ne akwai wasu duwatsu tsaye a cikin ruwa da itatuwa a kansu, kuma an kai su cikin wani rafi an jefa wa tsuntsaye abinci. Amma ya ce a wani wuri mai kantuna da gidajen abincin Larabawa aka fara yi musu tallar tafiyar, kuma bai tuna ko a can ya fara ganin saurayin ba ko a wajen jirgin. Iyakar abin da na samu ke nan.

Ga amsar tambayarki. A ɗakinmu na Utaibiyya aka haifi Fahad. Mahaifiyarsa, marigayiya Hure, da bizar Umara ta zo ta zauna, don haka yaron bai taɓa samun takarda ba. Ni ina da iƙama, takardar zama, shi ba shi da komai. Ya tashi bai san wata ƙasa ba, Hausarsa ma ta aike ce, ta sayo min kaza, rufe ƙofa. Da aka fara kamen marasa takarda a ƙarshen 2013, kullum sai an ɗebi yaran unguwa. Tsoro ya kama ni. Na ce gara ya fita da mutuncinsa da a kama shi a titi kamar ɓarawo. Ni da kaina na riƙe hannunsa na kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. A bakin ƙofa ya ce min, “Abuya, ina za ka aika ni? Ban san kowa a can ba.” Na ce masa gida za shi. Ya ce, “Wane gida?”

An ɗauki zanen yatsunsa, ba shi da hanyar dawowa nan kusa. A Kano 'ya'yan ƙanena suka mayar da shi abin dariya saboda harshensa. Sau biyu ya kira ni yana kuka, ni kuma na ce ya zama namiji. Bai sake kira ba.

Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Nawa bai ruɓe ba na yanke.

Bayan tafiyarsa na kasa zama a ɗakin, na dawo nan Kudai. Mu huɗu ne a ɗaki, ni da 'yan Bangaladash uku. Mutanen kirki ne, sai dai in suna hira ni bango nake kallo.

Kawunki,
Ya'u

A cikin jirgi
28 ga Janairu, 2017

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ka yafe min shirun, shirin tafiya ne ya sha kaina. Ummu ta sa an bar min wayata saboda ta riƙa nemana. Zan ɗauki hoton wannan takarda in tura wa Mukhtaru ya nuna maka. Kai ma ka rubuta ya ɗauka ya turo, amma da sauri, don hanyar sadarwar jirgin sai ta ga dama.

Kawu, wannan ba jirgi ba ne, unguwa ce aka ɗora a kan ruwa. Hawa goma sha wani abu, mutum ya fi dubu biyu. Jiya na tsaya da Ummu a bayan jirgin muna kallon farin kumfa, na ce a raina duk taron nan babu ko mutum ɗaya da zan ce wa sannu ya amsa min da yawwa.

Yau da hantsi muka je teburin da ake zaɓen inda za a je in an sauka. Nayif da iyalinsa sun zaɓi hawa dutse a wani keken igiya mai tafiya a sama. Ummu ta ce ita ba ta zo ƙarshen duniya don a rataye ta ba. Sai matar teburin ta ce akwai mota ɗaya mai ɗaukar kujerar guragu, wuri ɗaya za ta kai mu ta jira ta dawo da mu. Ta nuna mana biyu. Na farko Cenang, kusa yake, minti goma, akwai kantuna da abincin Larabawa da hanya mai siminti, ta ce duk Larabawa can suke zuwa. Na biyu Tanjun Ru, can arewacin tsibirin, kusan awa guda a mota, ba kantuna sosai, amma daga nan ƙananan jirage ke shiga rafi wajen tsuntsaye.

Nayif ya ce, “Na kusa. Halas.”

Ummu ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba, ta ce, “Ke, ya binti, tun Dammam kike leƙen littafin nan. Me kika ɓatar a tsibirin?” Da muka koma ɗaki na gaya mata komai. Sai ta ce, “Ni duk teku ɗaya ce a wurina. Ki zaɓa, ni zan ji da Nayif.”

To ga shi, Kawu. In yana talla a Cenang muka tafi arewa, mun saɓa. In yana wajen jirage muka zauna a Cenang, mun saɓa. Gobe da la'asar ake rufe rajista. Kai ka san ɗanka. Ina zan je? Kuma in na gan shi me zan ce?

Nuriyya

Kudai, Makka
29 ga Janairu, 2017

'Yata,

Lafiya lau nake. Ina rubutu a kan gwiwata, Mukhtaru na tsaye a kaina motarsa za ta tashi. Ki gode min wa tsohuwa, Allah Ya saka mata, zan yi mata addu'a a Harami.

Kin ce na san ɗana. Da na san shi da ba mu kai nan ba. Amma ga abin da na tuna. Na taɓa sa shi tallar tasbaha a hanyar Harami, kwana uku ya dawo da kayan yadda suke, ya ce ba zai iya bin mutane yana roƙonsu ba. A garejin maƙwabcinmu kuwa sai ya wuni da kansa cikin inji ba wanda ya sa shi. Ba na jin shi ne mai talla. Ki tafi arewa, inda jiragen suke. In ba a dace ba, laifin zaɓin nawa ne, ba naki ba.

Game da abin da za ki ce. Yaron yana da zuciya irin ta uwarsa, in aka zo masa gaba da gaba sai ya rufe. Ki gaishe shi, ki gaya masa ke wace ce. Kada ki ce masa ni na aiko ki

A cikin jirgi
31 ga Janairu, 2017

Kawu,

Ina gaisuwa. Na gan shi. Yana da rai, yana da lafiya. Ka fara yin hamdala kafin ka karanta saura.

Wasiƙarka ta shigo saura minti ashirin a rufe rajista. Ko sallama babu a ƙarshenta, na ce sauri ne. Na ruga na rubuta Tanjun Ru. Nayif ya yi faɗa, Ummu ta ce masa ita ta haife shi ba shi ya haife ta ba.

Tafiyar ta yi min tsawo. Gonakin shinkafa, shanu baƙaƙe, ƙananan masallatai masu koren rufi. Da muka isa na ga duwatsun nan tsaye cikin ruwa da itatuwa a kansu. Wurin shiru. Jirage kamar goma sha biyar a jere, masu su duk 'yan ƙasar. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu shi. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiya fiye da awa guda. Ummu ta ce ko mu koma na kusa, direba ya ce lokaci ba zai isa mu yi wani abin kirki a can ba. Na ce a raina shi ke nan, mun saɓa.

Sai Ummu ta ce tana so ƙafarta ta taɓa ruwa. Na tura kujerar, tayoyi suka nutse cikin yashi, ba gaba ba baya. Ina ta kokawa sai na ji murya a bayana da Larabcin Makka tsantsa, “A hankali, ya ummi, bari in ɗaga.” Wani saurayi ne, jirginsa ya dawo da wasu baƙi. Ya sunkuya ya kama ƙafar kujerar, na ga tabon a girar hagu.

Na ce, “Sannu da aiki.”

Kawu, sai ya tsaya a sunkuye kamar an dafa masa baya. Can ya ɗago ya ce, “Yawwa.” Ya ƙara tsayi, ya rame, ya tara gemu kaɗan. Goshinka ne sak.

Ummu ta ce lallai shi zai kai mu wajen tsuntsaye. Shi da direba suka ɗaga ta da kujerar suka sa a jirgi. Muka shiga rafin, itatuwa a cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Su mikiya suke ce musu, ni dai shirwa na gani irin mai ɗauke mana 'yan tsaki a Gwarzo, sai dai wannan ja ce mai farin kai. Ummu tana ta dariya kamar yarinya. Rabon da in ji dariyarta haka na manta.

Da ya kashe inji na gaya masa ni ce Nuriyya jikar Maryama. Ya tuna ni. Ya ce, “Mai jakar Ghana-mas-go da ta yage a tasha.” Hausarsa ta ƙara gudu, rabi da Larabci yake cikawa. Ya ce karatun bai yiwu ba. Wani dattijo ɗan ƙasar yake tuƙa wa jirgi, yana kwana a wani ɗaki bayan masallacin ƙauyen. Na tambaye shi ko yana da abokai, ya ce yana da baƙi, kullum sababbi.

Sannan ya kama wasa da igiya. Ya ce, “Abuya yana nan?”

Na ce kana nan, kana Kudai, sai ɗan tari.

Ya ce, “Kudai? Ya bar ɗakin?” Na ce ka bari tun bayan tafiyarsa. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, “Shi ya aiko ki?”

Kawu, bakina ya so ya ce e. Ummu ma ta zuba min ido, don ta gane tambayar. Amma na tuna umarninka. Na ce, “A'a. Haɗuwa ce ta Allah.”

Ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. Ya ce, “Na sani ai.” Ya ja igiyar inji. Daga nan har muka dawo gaɓa bai ƙara yi min Hausa ba, Ummu yake nuna wa duwatsu yana faɗin sunayensu kamar yadda yake yi wa kowa. Ya raka mu har mota, ya sumbaci kan tsohuwa, ya ba ta katinsa. Ni kuma ya ce min, “Ki gaida Makka.”

A mota Ummu ta ce, “Me ya sa kika yi masa ƙarya?” Na ce haka ka ce. Ta ce, “To mahaifinsa wawa ne.” Ka yafe min, faɗa maka nake yadda ta faɗa. Na yi abin da ka sa ni, amma tun da jirgi ya bar tsibirin zuciyata ba ta kwanta ba.

Nuriyya

Kudai, Makka
1 ga Fabrairu, 2017

Nuriyya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Me kika yi haka?

Na yi hamdala kamar yadda kika ce. Na yi sujada a kan kwalta tsakanin motoci biyu. Amma da na kai inda kika ce masa a'a, sai murnar ta koma ciki. Yaushe na ce ki musanta? Ga takardar a hannuna. Na rubuta, “Kada ki ce masa ni na aiko ki tun a gaisuwa. Ki bari ya sake jiki tukuna, sannan ki gaya masa komai, ki ce na yi kuskure, ki ce ina neman gafararsa.” Har da sallama da sunana a ƙasa.

Na ɗauki wayata na kira Mukhtaru na ce ya duba hoton da ya tura. Ya ce layuka huɗun ƙarshe ba su fito ba, a kan gwiwata ya ɗauka, takardar ta lanƙwashe. Yana ta rantsuwa yana ba ni haƙuri.

Amma ke, Nuriyya, ke da kika karanta duk abin da na gaya miki, ba ki ga maganar a yanke take ba? Yaro ya buɗe baki ya tambaya. Shekara uku yana jiran wannan tambayar ta samu amsa. Yanzu ya tabbatar da abin da yake zato, cewa na kai shi ƙofa na juya na manta.

Ban san me nake so ki yi ba. Jirgi ya riga ya tashi.

Ya'u

Dammam
17 ga Fabrairu, 2017

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata jiki da sauƙi. Mun dawo tun ranar huɗu ga wata. Na ga wasiƙarka a filin jirgin sama, na yi kuka a banɗaki don kada yaran Nayif su gani. Sau biyu na ɗauki biro na ajiye.

Ka yi min zafi, Kawu. Shekara shida ana koya min in yi abin da aka ce ba tare da tambaya ba. In Madam, matar gidan, ta ce kada a buɗe taga, ba na cewa don me. Babba ya rubuto min kada in ce, ban ce ba. Kuma awa bakwan nan su ne kaɗai awoyin da aka taɓa cewa in zaɓa da kaina tun da na zo ƙasar nan, na ba ka su da zuciya ɗaya. Ban faɗa don gori ba. Na faɗa ne don kai kaɗai nake da shi da zan gaya wa an ɓata min rai.

Duk da haka na san da gaskiyarka. Na ga idonsa lokacin da ya tambaya, ya kamata in bi idon in bar takardar.

Ga abin da na yi. Ummu ta ciro katinsa daga jakarta ta ba ni, akwai lamba a jiki. Na sa Mukhtaru ya turo min hoton wasiƙarka ta 29 ga Janairu cikakkiya. Na tura wa Fahad ita, da guntuwar da na samu a jirgi, da wadda ka ba ni labarin ranar tarhil. Ban nemi izininka ba, ka yi haƙuri. Na yi masa magana da murya, na ce ƙarya na yi, kai ka aiko ni, kai ka zaɓi gaɓar arewa domin ka tuna ba ya son talla. Na ba shi lambar Mukhtaru da taka.

Wayar ta nuna ya buɗe, ya saurara. Yau kwana bakwai bai ce komai ba.

'Yarka,
Nuriyya

Kudai, Makka
12 ga Maris, 2017

'Yata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Ummu Nayif, da Shifa can gida. Kafin komai ki yafe min. Na ɗora miki kayan da ni na ɗaure su. Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba a abin da ta kira ni, ki gaya mata na karɓa.

Ban rubuto ba domin ba ni da labari. Kullum wayar tana aljihun gabana, na ƙure mata ƙara har abokan aiki suna tsokanata.

Jiya Asabar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina cikin wata bas ina share ɓawon dabino sai ta yi ƙara. Doguwar lamba. Na rufe ƙofar motar, na zauna a kujerar baya, na danna wayar a kunnen da ya fi ji.

Ya ce, “Abuya.”

Duk abin da na tsara tsawon shekara uku ya gudu. Na ce na'am. Sai ya fara magana da Larabci, da sauri, da zafi. Ya ce a Kano an sa shi kwana a shago. Ya ce ya yi zazzaɓi a Malesiya sati biyu ba wanda ya san sunansa na gaskiya. Ya ce ba zai ce ya yafe ba don kawai in ji daɗi, bai kai nan ba tukuna. Ban katse shi ba. Wani abin ma ban ji ba saboda kunne, amma ban ce ya maimaita ba. Da ya gama na ce masa da Hausa duk abin da ya faɗa haka ne, ba ni da ta cewa.

Shi ba zai iya zuwa ba, ni kuma fasfona yana hannun kamfani, kuma in na bar aikin nan a shekaruna ba mai sake ɗaukata. Duk mun san haka, ba wanda ya ɗauko zancen. Bai ce zai sake kira ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ɗauka zai kashe. Sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce da Hausarsa ta aike, a hankali kamar mai taka ƙaya, “Abuya, ka ci abinci?”

Na ce na ci. Ƙarya nake, tun Juma'a da rana ban sa komai a bakina ba.

Da ya kashe na sauko, na ce wa Abdulwasi'u ina zuwa. Na tsallaka titi wajen Ba'afgane mai tanderu, na sayi burodin tamis da zafinsa da kwanon waken ful, na zauna a kan benci na cinye tas, don kada maganar da na fara gaya wa ɗana bayan shekara uku ta zauna a ƙarya.

Kawunki,
Ya'u